HMS Fearless: tambayoyi da amsoshi kan jirgin da ya yi shekara 36 yana kai soja gaɓa

Duk sanda aka ɗauko hirar jiragen ruwan yaƙi, hankalin mutane sai ya tafi kan manyan nan masu ɗauke da jiragen sama, ko masu nutso a ƙarƙashin teku. Ba kasafai ake tuna jirgin da aikinsa shine ya kwashi soja da motocinsu da abincinsu ya kai su bakin gaɓar da ba tasha ba gada ba, alhali in babu shi duk sauran sai dai su yi ta zagaye a teku. Fearless na rundunar sojan ruwan Birtaniya yana cikin irin waɗannan, kuma tarihinsa ya taɓo Afirka fiye da yadda mutane suke zato. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wai shi Fearless ɗin nan wane irin jirgi ne?

Jirgin kai farmaki ne daga teku zuwa tudu. An ƙera shi a Belfast da ke Arewacin Ayalan, a kamfanin Harland and Wolff, wato kamfanin nan da ya ƙera Titanic. An saka shi a ruwa a Disambar 1963, ya fara aiki a Nuwamban 1965, lambarsa L10. Yana da ƙani guda ɗaya mai suna Intrepid, L11, wanda aka ƙera a Clydebank ta ƙasar Sikotlan ya shiga aiki a 1967. Su biyu ne kawai aka yi irinsu.

Tsawonsa wajen mita 158, nauyinsa in ya cika da kaya kusan tan 12,000, gudunsa kuma bai wuce kilomita 39 a awa ba. Ba jirgin faɗa da wasu jirage bane, makaman da ke kansa na kare kai ne kawai, bindigogin Bofors guda biyu da makamai masu linzami da ake kira Seacat na harbo jirgin sama. Abin da ya bambanta shi shine bayansa, dan kusan duk ƙarshen jirgin rami ne babba mai ƙofa, a ciki ake ajiye ƙananan jirage masu kai soja gaɓa, a samansa kuma akwai fili na saukar helikwafta. Sannan an yi masa ɗakunan kwamandoji da na'urorin sadarwa masu yawa, saboda daga cikinsa ake tsara duk yadda za a sauka.

Ta yaya jirgi zai bar ruwa ya shiga cikinsa kuma bai nutse ba?

Nan ne dabarar take. A jikin jirgin akwai manyan tankuna da ake cika su da ruwan teku da gangan, suna cika sai bayan jirgin ya riƙa yin ƙasa a hankali, kamar dai yadda raƙumi ke durƙusawa a ɗora masa kaya, gaba na sama baya na ƙasa. Sai a sauke ƙatuwar ƙofar baya, ruwa ya malalo cikin ramin, ƙananan jiragen da suke zaune a busasshen ƙasa su tashi su hau kan ruwa, su ja da baya ɗaya bayan ɗaya su fita teku. In an gama sun dawo, a rufe ƙofa, famfuna su zuƙe ruwan tankunan, jirgin ya miƙe ya ci gaba da tafiya. In ya sha ruwa haka nauyinsa yakan kai kusan tan 17,000.

Amfanin wannan shine ba sai an ɗaga mota ko tanka da ƙugiya an saukar a gefen jirgi ana lilo da ita ba. Direba zai tuƙo motarsa daga inda aka faka ta a cikin jirgi, ya gangaro kai tsaye ya shiga ƙaramin jirgin, a cikin rumfa, iska bata dame shi ba. Amma fa kar a ɗauka abu ne mai sauƙi, in teku ta yi fushi igiyar ruwa na shigowa cikin ramin tana buga ƙananan jiragen da bango, kuma muddin jirgin yana durƙushe baya iya gudu, wanda a lokacin yaƙi shine lokacin da ya fi zama cikin haɗari.

Mutum nawa yake ɗauka, da kaya nawa?

Ma'aikatansa kaɗai sun haura 500. Sojan da yake ɗauka a tafiya ta yau da kullum wajen 400 ne, in an matsu a cusa 700, in tafiyar gajeriya ce ma a wuce haka. Manyan jiragen sauke kaya guda huɗu ne a cikin ramin, kowanne na iya ɗaukar kaya wajen tan 100, sai ƙanana guda huɗu da ake ratayewa a gefe masu ɗaukar soja wajen talatin kowanne. Sojan kundunbala na Royal Marines ne ke tuƙa su.

Ina ya fara aiki?

Aden, a kudancin Yaman ta yanzu. Lokacin Birtaniya na fama da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci a can, kuma Fearless yana sabo fil aka tura shi yankin yana kai soja wuraren da ba hanyar mota. Da Turawan suka haƙura suka tattara nasu ya nasu a ƙarshen Nuwamban 1967, yana cikin ayarin jiragen da suka taru dan kwashe su. To kaga aikinsa na farko babba ma na ficewa ne, dan a shekarun nan daular Birtaniya naɗe tabarma take yi a ko'ina.

Me ya haɗa jirgin yaƙi da rikicin Rodeshiya?

A ranar 11 ga Nuwamban 1965 Ian Smith, shugaban Turawa 'yan tsiraru na Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu, ya ayyana cewa ƙasar ta ɓalle daga Birtaniya, dan kawai kar mulki ya koma hannun baƙaƙen fata masu rinjaye. Firaministan Birtaniya Harold Wilson ya ƙi amfani da ƙarfi, sai takunkumi da tattaunawa. Matsalar itace a ina za a zauna? Wilson ba zai je Salisbury, babban birnin Rodeshiya, ba dan kar a ce ya amince da gwamnatin tawaye, shi kuma Smith a idon dokar Birtaniya ɗan tawaye ne. Sai aka ga jirgin ruwan yaƙi shine mafita, ga tsaro, ga sadarwa, ga shi 'yan jarida ba za su kutso ba.

An fara zama a jirgin HMS Tiger a Disambar 1966 ba a cimma komai ba. A Oktoban 1968 aka sake zama, wannan karon a cikin Fearless yana tsaye a Jibralta, kwanaki ana abu ɗaya. Wilson ya sassauta sosai har ƙasashen Afirka da yawa suka ji haushi, amma duk da haka Smith ya koma gida ya yi watsi da tayin. Abin da ke min ciwo a wannan labari shine makomar miliyoyin 'yan Afirka ake tattaunawa a ɗakin jirgin nan, kuma shugabanninsu irin su Joshua Nkomo da Robert Mugabe duk suna tsare a lokacin, babu ɗayansu a teburin. Yaƙin daji ya ci gaba ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, sai a Afrilun 1980 Zimbabuwe ta samu 'yanci.

Da gaske ne ya taɓa zuwa Legas?

Gaskiya ne. A ƙarshen Maris na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, Harold Wilson ya kawo ziyara Najeriya ya gana da Janar Yakubu Gowon, kuma an turo Fearless ya tsaya a Legas a lokacin ziyarar. Birtaniya na sayar wa gwamnatin tarayya makamai, a gida kuma ana ta sukar Wilson saboda hotunan yunwa da ke fitowa daga ɓangaren Biyafara. An so a haɗa ganawa tsakaninsa da Ojukwu amma bata yiwu ba. Jirgin bai harba ko harsashi ɗaya a nan ba, zuwan siyasa ne.

Ance saura ƙiris a yar da shi kafin yaƙin Falkland, haka ne?

Haka ne, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi ban mamaki a tarihinsa. A shekarun 1970 shi da Intrepid karɓa-karɓa suke yi, ɗaya na aiki ɗaya na hutu ko gyara, suna horar da sabbin hafsoshin ruwa na kwalejin Dartmouth, da sanyi kuma su kai sojan kundunbala Nowe atisaye a cikin ƙanƙara saboda tsoron Tarayyar Sobiyet. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher ta ce kuɗi sun yi ƙaranci, sakataren tsaro John Nott ya fito da tsarin rage jiragen ruwa, a ciki har da su biyun. Tunaninsu shine duk yaƙin da za a yi nan gaba a Turai za a yi shi, kuma akwai tashoshin ƙawaye da za a sauka, to me za a yi da jirgin sauka a gaɓa?

A farkon 1982 aka janye hukuncin a kansu. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 2 ga Afrilu, sojan Ajantina suka mamaye tsibiran Falkland, waɗanda su suke kira Malbinas, can kudancin tekun Atilantika, tafiyar kusan kilomita 13,000 daga Ingila. Fearless ya bar tashar Portsmouth ta Ingila ranar 6 ga Afrilu. Shi kuwa Intrepid an riga an fara sallamar ma'aikatansa an watsa su wurare daban-daban, sai da aka bi su aka tattaro su cikin gaggawa, ya biyo baya. Ni a ganina da Ajantina ta yi haƙuri na shekara biyu ko uku, da wuya Birtaniya ta iya kai soja tsibiran nan.

To me ya yi takamaimai a yaƙin?

Shine hedikwatar saukar gaba ɗaya. A cikinsa akwai Kwamodo Michael Clapp mai kula da jiragen sauke soja, da Birgediya Julian Thompson kwamandan birged ta 3 ta kundunbala, kyaftin ɗin jirgin kuma Jeremy Larken. Tun daga hanya, da kuma zaman da suka yi a tsibirin Ascension ana sake jera kaya saboda an loda su a gurguje a Ingila, a ɗakunan Fearless aka yi ta muhawarar inda za a sauka. Sun yi sa'a akwai wani Manjo Ewen Southby-Tailyour wanda ya taɓa zama a tsibiran ya zagaye gaɓarsu da ƙaramin jirgin ruwa yana rubuta zurfin kowane lungu da inda duwatsu suke, ba wanda ya san wurin kamarsa.

Suka zaɓi San Carlos, a yammacin tsibirin gabas, nesa da babban garin Stanley inda mafi yawan sojan Ajantina suke jira. Ruwan wurin a kwance yake, tsaunuka sun zagaye shi, kuma tsaunukan suna hana makami mai linzami na Exocet da Ajantina ke da shi ganin jirgi.

Ana saura kwana biyu sai umarni ya zo daga Landan cewa kar a bar bataliya uku a cikin jirgi ɗaya, wato babban jirgin fasinja Canberra, dan in aka same shi da bam an gama. Saboda haka ranar 19 ga Mayu a tsakiyar teku aka riƙa kwasar soja da ƙananan jiragen nan, mutum na tsaye a ƙofar gefen Canberra da jaka mai nauyin gaske a bayansa da bindiga, yana jiran igiyar ruwa ta ɗago ƙaramin jirgin ya yi tsalle ya faɗa. Rundunar 40 Commando ta koma Fearless, bataliya ta 3 ta 'yan laima ta koma Intrepid. Fearless ya cika maƙil, mutum sama da dubu, ana kwana a lunguna da ƙarƙashin tebura da tsakanin motoci. A wannan ranar ce kuma wani helikwafta Sea King da ke kai mutane Intrepid ya faɗa teku, sojoji 18 na SAS, runduna ta musamman ta sojan Birtaniya, na cikin waɗanda suka mutu.

Daren 20 wayewar 21 ga Mayu suka shigo mashigin cikin duhu, fitilu a kashe, suka durƙusa suka saki ƙananan jirage. An samu jinkiri, musamman wajen sauko da bataliya ta 2 ta 'yan laima daga jirgin Norland, dan basu saba shiga irin waɗannan jirage da dare ba, amma dai kafin rana ta yi nisa dubban soja suna tudu, 40 Commando a ƙauyen San Carlos, 45 Commando a Ajax Bay, bataliya ta 3 a Port San Carlos, ta 2 kuma ta haye tsaunin Sussex. Kusan ba wanda ya tare su a gaɓa. Wahalar daga sama ta zo.

An taɓa samunsa da bam?

Babban jirgin kansa ya tsira ba tare da wata mummunar ɓarna ba, kuma sa'a ce ƙwarai, dan kwana da kwanaki yana tsaye a San Carlos jiragen saman Ajantina, Skyhawk da Dagger, suna ɓullowa ta bayan tsauni ƙasa-ƙasa kamar za su taɓa ruwa. Matuƙan nan jarumai ne, ko Turawan Ingila basu musa ba, kuma da yawansu basu koma gida ba. Abin da ya cuce su shine sun riƙa sakin bam daga ƙasa sosai, bam ɗin baya samun lokacin da zai kunna kansa kafin ya bugi jirgi, sai ya huda ƙarfe ya zauna a ciki bai fashe ba. Duk da haka Birtaniya ta rasa jiragen ruwan yaƙi, Ardent ya nutse, Antelope ya nutse, ranar 25 ga Mayu Coventry ya tafi, a ranar kuma Exocet ya samu jirgin kaya Atlantic Conveyor.

Asarar Atlantic Conveyor ce ta rikita lissafi, dan a cikinsa akwai manyan helikwaftoci Chinook guda uku da Wessex shida da aka dogara da su wajen kai soja gaba. Dole sojan kundunbala da 'yan laima suka taka da ƙafa wajen kilomita 90 cikin sanyi da taɓo, nauyin jigilar kaya kuma ya ƙara faɗawa kan ƙananan jiragen Fearless da Intrepid, dare da rana ba hutu, harsasai, man fetur, abinci, masu rauni.

Menene labarin Foxtrot Four da ake yawan ambata?

Ɗaya ne daga cikin manyan jiragen sauke kaya huɗu na Fearless, ana kiransu F1 zuwa F4, mai tuƙa na huɗun kuma Saje Brian Johnston ne na Royal Marines. Daren 23 ga Mayu ana ƙoƙarin kwance bam ɗin da ya maƙale a cikin Antelope sai ya tashi, jirgin ya kama da wuta, ga rumbun makamai a ciki da zai iya fashewa kowane lokaci. An gargaɗe shi ya nisanta, amma Johnston ya manna jirginsa a jikin Antelope ya tsaya har ya kwashe mutum sama da ɗari.

Ranar 8 ga Yuni F4 ya taso daga Goose Green ɗauke da motocin Land Rover masu na'urorin sadarwa na birged ta 5 ta sojan ƙasa, za shi ƙauyen Fitzroy. Ana buƙatar kayan da gaggawa, shi yasa ya fito da rana maimakon ya jira dare. A mashigin Choiseul jiragen Skyhawk suka gan shi shi kaɗai a fili suka sakar masa bam. Mutum shida na ma'aikatansa suka mutu har da Johnston, huɗu sojan kundunbala biyu sojan ruwa. Jiragen saman Birtaniya na Sea Harrier da ke kusa sun harbo uku daga cikin jirage huɗun da suka kawo harin. An yi ƙoƙarin janyo F4 amma ya nutse. An ba Johnston lambar jarumta ta Sarauniya bayan mutuwarsa, kuma jirgin da aka kawo a madadin nasa ba a sa masa F4 ba, FJ aka kira shi saboda Johnston.

Shin yana da hannu a musibar Sir Galahad?

Yana cikin sarƙar abubuwan da suka kai ga haka, ko da yake ba za a ɗora wa ma'aikatansa laifi ba. Da birged ta 5 ta iso, aka so a kai ta kudancin Stanley, yankin Bluff Cove da Fitzroy, kuma babu helikwafta. Kwamandoji a Ingila basu yarda a saka Fearless ko Intrepid a wurin da rana za ta same su a fili ba, dan rasa ɗayansu babbar asara ce. Sai aka yanke a riƙa tafiya rabin hanya da dare, a saki ƙananan jirage su ƙarasa, babban jirgi ya juyo ya dawo San Carlos kafin gari ya waye.

Intrepid ya fara kai bataliyar Scots Guards, suka yi awoyi a buɗaɗɗun jirage ruwa na dukansu, suka isa a jiƙe sharkaf suna kyarma. Washegari da dare Fearless ya ɗauko bataliyar Welsh Guards, da shirin cewa ƙananan jiragen da aka bari a can za su zo su tarye shi, amma saboda mummunan yanayi basu zo ba. Biyu kawai yake da su a cikinsa, ya tura rabin bataliyar, ya dawo da sauran. Waɗanda aka dawo da su ne aka sa a cikin Sir Galahad, jirgin kaya mara kariya sosai, ya isa Fitzroy da safiyar 8 ga Yuni ya tsaya a fili awoyi da soja a ciki ana gardamar yadda za a sauke su da kuma inda za a kai su. Southby-Tailyour yana wurin, ya roƙa a fitar da mutanen nan take. Da rana jiragen Ajantina suka zo suka samu Sir Galahad da ɗan'uwansa Sir Tristram. Mutum 48 suka mutu a Sir Galahad, 32 daga ciki Welsh Guards, wasu da yawa suka ƙone ƙuna mai tsanani. Rana ɗaya ce da ta F4.

Wanda duk ya karanta wannan ɓangare zai ga cewa ƙarancin jiragen sauke soja da na helikwafta ne ya sa aka riƙa yin dabarun da basu kamata ba.

Ya aka ƙare?

Tun ƙarshen Mayu Manjo Janar Jeremy Moore, kwamandan duk sojan ƙasa, ya kafa hedikwatarsa a cikin Fearless. Ranar 14 ga Yuni sojan Ajantina suka miƙa wuya a Stanley, kuma kwamandansu Janar Mario Menéndez a cikin Fearless aka tsare shi da wasu manyan hafsoshinsa na ɗan lokaci. Yaƙin ya ci sojan Ajantina 649, na Birtaniya 255, da mata uku 'yan tsibirin. Da yawa daga cikin na Ajantina yara ne matasa da aka ɗauka aikin soja na dole aka jefa su cikin sanyin da basu saba ba, abinci ma bai ishe su ba. Har yau Ajantina bata janye iƙirarinta a kan tsibiran ba.

Bayan Falkland ya sake yin wani abu?

Ya yi, sai dai tsufa ya fara kama shi. A 1983 ya je gabar Lebanon dan tallafa wa sojan Birtaniya da ke Beirut. A 1985 aka ajiye shi, aka yi masa babban gyara, ya dawo aiki a farkon shekarun 1990 da sabbin bindigogin kare kai, shi kuma Intrepid aka ajiye shi ana cire kayan jikinsa ana saka wa Fearless. A 1997 yana cikin ayarin da ya je Gabas Mai Nisa a shekarar da aka miƙa Hong Kong ga Sin. A ƙarshen 2000 gobara ta tashi a ɗakin injinsa yana tekun Bahar Rum, wanda ya hana shi bin sauran jiragen zuwa Saliyo. A 2001 ya je babban atisaye a Oman, ana cikin haka aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka, sai aka bar shi a yankin da sojan kundunbala wajen 200 a shirye saboda Afganistan. Ya dawo Portsmouth a Maris na 2002 aka yi masa ritaya.

Me yasa ake cewa shine na ƙarshe mai tururi?

Saboda injinsa irin na da ne, ana ƙona mai a manyan tukwane biyu a tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Lokacin da ya yi ritaya duk sauran jiragen rundunar masu tafiya a saman ruwa sun koma dizal ko injin gas, shi kaɗai ya rage. Irin wannan inji na buƙatar mutane da yawa, ɗakin zafi ne da shi kamar me musamman a tekun Larabawa, kuma ba a tayar da shi a take, sai an ɗau awoyi ana haɗa tururi kafin a motsa. Waɗanda suka riƙe injin nan yana aiki har shekara talatin da wani abu, suna gyara abin da kamfanin da ya yi shi ma ya daina ƙerawa, sun cancanci a ambace su kamar yadda ake ambatar kwamandoji.

Najeriya tana da irin wannan jirgi?

Tana da jirgin sauke soja amma ba mai rami a baya ba. Namu irin wanda shi kansa yake zuwa har bakin gaɓa ne ya buɗe ƙofar gaba motoci su fita. A ƙarshen shekarun 1970 an sayo guda biyu daga Jamus, NNS Ambe da NNS Ofiom, kuma Ambe na cikin jiragen da suka kai dakarun ECOMOG Monrobiya a Agustan 1990 lokacin yaƙin Laberiya. Bayan sun tsufa an daɗe babu madadinsu, sai a 2022 NNS Kada ya iso Legas, mai tsawon mita 100, kamfanin Damen ne ya ƙera shi a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Bai kai Fearless girma ba ko kusa, amma ga ƙasar da take tura soja kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Yamma, samunsa ya fi a riƙa haya.

Ina Fearless yake yanzu?

Babu shi. Ya yi shekara biyar da wani abu a ɗaure a Portsmouth yana tsatsa, tsofaffin ma'aikatansa da yawa sun so a mayar da shi gidan tarihi amma kuɗin kula da jirgi mai girman haka ba kaɗan bane, ba a samu mai ɗauka ba. A Disambar 2007 aka ja shi zuwa Ghent a ƙasar Beljiyam aka yayyanka shi aka sake sarrafa ƙarfen. Intrepid kuma a Liverpool aka wargaza shi ba da daɗewa ba. Jirage biyu ne suka gaje su, Albion da Bulwark, masu irin wannan tsari na rami a baya amma sun fi girma kuma da injin dizal da lantarki. Su ma a Nuwamban 2024 gwamnatin Birtaniya ta sanar za ta yi musu ritaya dan rage kashe kuɗi, tun kafin a ƙera waɗanda za su maye gurbinsu.